Shirun tcpdump ba alamar layi ya mutu ba ne

Wani ƙanena da ke kula da intanet ɗin wani shago a unguwar Nima da ke Accra ya kira ni da daddare, wai na'urarsu ta lalace. Ya buga tcpdump, umarnin da ke nuna bayanan da ke wucewa a layin intanet, ya tura sakamakon zuwa grep, mai tace layukan rubutu, allo ya yi tsit. Har ya fara zare wayoyi. Abin ya dame ni, domin da yawa haka suke ɓata dare.

Bayanai na wucewa lafiya lau. Shirye-shiryen da aka rubuta da harshen C, irin su tcpdump, idan kai tsaye suke rubutu a allo, layi-layi suke fitarwa. Amma da ka sa sandar nan | mai tura sakamako zuwa wani umarni, sai su koma tarawa a rumbun ajiya, ba sa saki sai rumbun ya cika, galibi bait 4096 a Linux. Kamar trotro ne a tasha: fasinja uku sun shiga, direba ba zai tashi ba sai kujeru sun cika. Idan layin intanet ɗin ba cunkoso, jiran zai kai mintuna.

Na ce masa, ƙanena, ƙara -l bayan tcpdump. Nan take layuka suka fara zubowa. Idan akwai umarni na uku bayan grep, shi ma grep sai ka ba shi --line-buffered, don yanzu ba allo yake fuskanta ba. Ga sed, mai gyara rubutu, akwai -u. Umarnin da ba shi da irin wannan zaɓi, gwada stdbuf -oL a gabansa.