Indiya: Ga ƙoshi a rumbu, ga kwanan yunwa a ƙauyukan Adibasi

A ranar 20 ga Afrilu, 2020, ana tsaka da dokar kullen korona, gwamnatin Indiya ta amince a ɗebi rarar shinkafar da ke jibge a rumbunan ƙasa a mayar da ita sinadarin etanol, wai don a yi man tsaftace hannu, a kuma gauraya wani da fetur. Na karanta labarin sau biyu, ina zaton idona ne. Kwana biyu kafin wannan sanarwa, wata yarinya 'yar shekara 12 daga ƙabilun Adibasi, 'yan asalin ƙasar, ta faɗi ta mutu a hanya, bayan kwana uku tana tafiya a ƙasa daga gonakin barkono na jihar Telangana zuwa ƙauyensu a gundumar Bijapur ta jihar Chhattisgarh. Saura 'yan kilomita ta isa gida.

Kalmar da ta tsaya mini a wuya ita ce "rara". Rara a wurin wa? Rumbunan hukumar abinci ta ƙasar na ɗauke da hatsi sama da tan miliyan 70 lokacin da aka rufe ƙasa, fiye da ninki uku na abin da ƙa'ida ta ce a ajiye don ko-ta-kwana. Ashe matsalar ba ta ƙarancin abinci ba ce. Akwai shi har ya yi yawa, ana neman yadda za a yi da shi, ga kuma mutane suna ƙidaya loma.

Kowa ya san yadda kullen ya zo. Ƙarfe takwas na daren 24 ga Maris Firaminista Narendra Modi ya fito a talabijin, ya ba mutum biliyan 1.3 wa'adin sa'a huɗu kacal. Wanda ke da albashi da firiji ya ji haushi ya zauna a gida. Su kuwa Adibasi, 'yan asalin ƙasar da ƙidayar 2011 ta ce sun kai miliyan 104, wato kashi 8.6 cikin ɗari na jama'a, dokar ta same su a mafi munin lokaci a shekara.

Akwai wani ra'ayi da na gaji da ji daga mazauna birni, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wai mutanen da ke zaune a bakin daji ba sa yunwa, daji ne ke ciyar da su, su ne ma suka fi kowa kwanciyar hankali a lokacin annobar korona tunda ba su dogara da kanti ba. Mai faɗin haka bai taɓa tambayar kansa da me ake sayen gishiri ba.

Daga Maris zuwa Yuni ne kakar daji a jihohin Jharkhand da Odisha da Chhattisgarh da Madhya Pradesh. Furen itacen mahuwa yana zubowa ne da asuba. Mace za ta fita da kwando tun gari bai waye ba, ita da 'ya'yanta, su yi ta tsinta ɗaya bayan ɗaya a duƙe har rana ta yi zafi, su dawo su shanya a tsakar gida na 'yan kwanaki. Bayansa sai ganyen tendu, wanda ake naɗa tabar bidi da shi, a tsinko a ɗaure dami-dami. Duk wannan wahala ba don a zauna a ci ganye ba ne. Ana kai kayan ne kasuwar mako-mako da suke kira hat, a sayar, a sayo shinkafa da mai da gishiri da magani, a ɓoye ɗan abin da ya rage don watannin damina, lokacin da hatsin bara ya ƙare na bana bai nuna ba. Kuɗin waɗannan 'yan makonni ne ke riƙe gidaje da yawa tsawon watanni.

Da aka rufe kasuwannin, aka tsayar da motoci, 'yan sari suka daina shigowa, sai wannan igiya ta tsinke. Busasshen fure ba ya jiran gwamnati, da zarar ya sha danshi ya lalace, kuma talaka ba shi da wurin ajiya. Dillali ɗaya da ya san hanyar ratse ya iso ƙauye, shi ke yanka farashi, mai kaya ta karɓa ko ta zubar. Sai a tsakiyar Afrilu gwamnatin tarayya ta tuna ta cire tsintar kayan daji daga jerin abin da aka hana, bayan furen mahuwa ya ci rabin kakarsa. Ihu bayan hari ke nan.

Ƙari a kan haka, 'ya'yan gida da suka tafi ci-rani gine-gine da gonaki da wuraren gasa bulo sun dawo hannu rabbana, bakin ci ya ƙaru, kuɗin da suke aikowa ya tsaya. Makarantu sun rufe, abincin rana da yaro ke samu a can ya tafi tare da su, alhali a gidaje da yawa shi ne abinci mafi kirki da yaron ke gani a yini.

Za a ce ai gwamnati ta yi ƙoƙari. Ta yi, ban musa ba. Ranar 26 ga Maris ministar kuɗi Nirmala Sitharaman ta sanar da tallafin rupi tiriliyan 1.7, ciki har da ƙarin kilo 5 na hatsi kyauta kowane wata ga mutum miliyan 800, da kilo ɗaya na wake ga kowane gida. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma kyautar ta mai katin rabon abinci ce kawai. Dokar wadata ƙasa da abinci ta 2013 ta yanke adadin masu cin gajiya ne bisa ƙidayar 2011, kuma ba a sabunta shi ba. Masana tattalin arziki Jean Drèze da Reetika Khera da abokiyar aikinsu sun lissafa cewa sama da mutum miliyan 100 da ya kamata a ce suna ciki an bar su a waje saboda wannan tsohon lissafi. Wa kake tsammani ya fi yawa a cikin waɗanda aka manta? Ba mai gida kusa da ofishin gunduma ba ne. Mutumin da ke bayan tsauni ne, wanda ya cike takarda tun shekara biyu ana ce masa gurbi ya cika.

Ko mai katin ma ba a tsira ba. A shekarun baya an ɗaure rabon abinci da lambar shaida ta Aadhaar da na'urar dangwala yatsa, a ƙauyukan da ba sabis, ga mutanen da aikin ƙarfi ya goge zanen yatsunsu. A Satumban 2017 wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu a gundumar Simdega ta Jharkhand bayan an soke katin gidansu don ba a haɗa shi da Aadhaar ba. Mahaifiyarta ta ce shinkafa take ta roƙo har ta cika, jami'ai kuwa suka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Jami'ai ba su taɓa rasa sunan wata cuta da za su rubuta a madadin yunwa ba.

Masu cewa in aka buɗe rumbu ga kowa za a yi sata, wanda bai cancanta ba zai ci, ba su da abin faɗa: gwamnatin da ta amince a dafa shinkafa ta zama man goge hannu ba ta da bakin kukan asarar buhu.

Abin da ya kamata a yi a lokacin bai buƙaci kwamiti ba. A bai wa duk wanda ya zo layi a yankunan Adibasi hatsi, da kati ko ba kati, har damina ta wuce. A sa hukumomin gwamnati su shiga ƙauyuka su sayi mahuwa da tendu a farashin da aka ƙayyade, kuɗi hannu. Dokar haƙƙin mazauna daji ta 2006 ta riga ta amince cewa waɗannan kayan nasu ne, su tsinta su sayar. A 2020 shekara 14 ke nan da yin ta, amma har lokacin dillali ne ke faɗa wa mai kwando nawa guminta ya kai, kuma a wannan shekarar ko dillalin ma da ƙyar yake zuwa.