Tunda Yaya ya dawo daga Siri Lanka

Don Allah kwana goma a Siri Lanka ne zai hana mu sakat a Birnin Kebbi? Ka gaida Yaya, ya ce lallai ka hau dutsen Sigiriya, matakala wajen 1,200, ni da bene ɗaya ke sa ni haki! A kawo shayi ya yatsina fuska, wai na Nuwara Eliya ne shayi. A kawo kifin Argungu, kifin Argungu fa, wai ina madarar kwakwa? Jiya har Inna ya tsare, wai lallai ta je ta ci wani abincinsu da ake kira kottu a Kolombo, ta hau jirgin ƙasa daga Kandi zuwa Ella, ta kama kujerar bakin taga. Innar da ko Jega sai an lallashe ta take zuwa! Yaya, wa ya tambaye ka? Da kuɗin wa?