Kafin ku shafa fenti, ku nuna mana waldar

Wannan sitan ɗin tankin ruwa, wato ƙafafun ƙarfen da ake ɗora tanki a kai, da ya durƙushe, wanda bidiyonsa ke yawo tun jiya, ganganci ne tsagwaronsa, kuma duk mai cewa ƙaddara ce kawai bai kalli ƙafafun ba. Shi ne dai wanda aka ɗora hotonsa kwanakin baya yana ƙyalli da baƙin fenti, jama'a suna ta zuba "Masha Allah", ana neman lambar mai aikin. A cikin masu yabon babu wanda ya tambayi kaurin ƙarfen. Allah ne ya tsare babu yaro a ƙarƙashinsa.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 2,000 idan ya cika, tan biyu ke nan, ban da nauyin tankin da na dandamalin da yake zaune a kai. Kowace ƙafa tana ɗauke da kilo 500, idan ma sitan ɗin ya tsaya daidai ke nan, ya ɗan karkace kuwa ƙafa biyu ne za su sha kayan. To ku sake duba inda ƙarfen ya yage a bidiyon. Fayif ne mai kusurwa huɗu, irin siririn nan da kaurinsa bai wuce milimita 1.2 ba, wanda ake yin ƙarfen taga da ƙafar tebur da shi. Da shi aka ɗaga tan biyu sama mita shida, dogayen ƙafafu zalla, babu giciye ko ɗaya.

Abin da nake faɗa shi ne, duk wanda zai ɗora aikin hannunsa a Facebook ko TikTok, ya rubuta kaurin ƙarfen da ya yi amfani da shi, ya kuma nuna waldar kafin fila, wato abin cike lotsawar jikin mota, da fenti su rufe ta. Hoto ba ya nuna kauri. Fayif mai milimita ɗaya da mai milimita uku, idan suka sha fenti, babu idon da zai raba su. Yaran da ke koyo daga hotunanku siffa kawai suke kwafa, su je kasuwar Dilimi ko ta Building Materials a Jos su ɗauki mafi araha, gobe su kafa wa wata baiwar Allah irinsa a tsakar gida, daidai inda take wanke-wanke.

Doguwar ƙafa lanƙwashewa take yi ta gefe tun kafin ƙarfen ya kai ga murƙushewa. Idan ka ɗaure ta a tsakiya yadda ba za ta iya gocewa ba, tsawon da ke sake ya ragu da rabi, nauyin da za ta iya ɗauka kafin ta lanƙwashe kuma ya ninka har sau huɗu. Wannan ne amfanin ɗamara da giciye. Kowane mita ɗaya da rabi a sa ɗamara ta zagaye ƙafafun huɗu, tsakanin ɗamara da ɗamara a sa giciye a dukkan fuskokin huɗu, har da bayan da ba a gani daga ƙofa. Lita 1,000 a tsayin mita uku, angul, wato ƙarfe mai siffar L, mai faɗin milimita 50 da 50, kauri milimita 5, shi ne mafi ƙarancin da zan yarda da shi. Lita 2,000 a mita shida, a koma angul mai 75 da 75 kauri 6, ko fayif zagayayye inci huɗu mai kauri milimita 4. Ya wuce haka, a nemi injiniya ya yi lissafi, ba abin kunya ba ne. Kuma ku riƙa zuwa kasuwa da ma'aunin kauri, don abin da ake kira milimita biyar a shago sau da yawa huɗu ne da ɗoriya.

Sai waldar kanta, wadda a nan ne aka fi ha'intar mutane. Ku kalli mahaɗar da ta ɓalle, cikinta fes, ƙarfen ƙasa bai ma narke ba, an ɗiɗɗiga masa ne a kai kawai. Haka ke faruwa idan wuta ta yi rauni, ko an haɗa inji da ƙaramin janareta, sandar walda tana maƙalewa, mai aikin yana dangwala ta yana cirewa. Sandar walda mai lamba 6013 geji 12, wato kaurin milimita 2.5, tana son ƙarfin wuta amfiya 70 zuwa 90. Geji 10, milimita 3.2, tana son 90 zuwa 130, kuma ita ce ta angul mai kauri. A goge tsatsa da mai daga bakin ƙarfen har ya yi fari. Mai kauri 6 a fere bakinsa, a bar 'yar tazara kamar milimita biyu don narkakken ƙarfen ya shige ciki. A ɗiga a kusurwoyi, a sa sikwaya, a gwada kusurwa zuwa kusurwa da tef su zo daidai, sannan a ja waldar gaba ɗaya. Bayan kowane ja a ƙwanƙwashe ɓawon da guduma, a goge da burushin waya. Wanda ya sake ja a kan ɓawo ya binne datti a cikin mahaɗa. Sandar da ta kwana a shago mai danshi da daminar Jos kuwa ƙananan ramuka za ta bar maka kamar saƙar zuma, a ajiye ta a busasshen wuri cikin ledarta. Kuma a daina sa giranda ana share walda har ta yi daidai da ƙarfe don ta yi kyau a hoto. Tudun nan da kake gogewa shi ke riƙe da kayan. Fila ta gyaran jikin mota ce, ko kilo ɗaya ba ta ɗauka.

Na ga masu cewa ana so a hana mai waldar cin abinci. Wane abinci zai ci bayan ya biya tanki da katangar maƙwabci? Masu cewa maigidan ne ya ƙi biyan kuɗin ƙarfe mai kyau, to sai a ce masa ba za a yi ba, araha ba ta ado, kuma mai walda ne ya san abin da ƙarfen zai ɗauka, maigida bai sani ba. Masu cewa nasu irin wannan ne kuma ya shekara uku, tsatsa tana cin fayif ta ciki inda ba a fenti, ku je ku ƙwanƙwasa gindin ƙafar ku ji. Batun hassada kuwa ba zan ma tanka ba.

Gindin ma an yi wasa da shi, an soka ƙafafun a rami an zuba 'yar kankare. A walda wa kowace ƙafa farantin ƙarfe mai faɗin santimita 20 da 20, kauri milimita 10, a ɗaure shi da noti huɗu masu milimita 16 a kan kankaren da ya kai santimita 60 a faɗi, zurfinsa kusan mita ɗaya, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai kafin a ɗora masa kaya. Tankin roba yana son gindinsa duka ya zauna a shimfiɗe, ko farantin ƙarfe ko katako mai inci biyu a jere kusa da kusa, busasshe, don ɗanyen da ake yanko maka a kasuwar Katako zai tsuke ya murɗe. A ɗaure tankin kansa, iskar farkon damina a Jos ta isa ta sauko da tankin da babu ruwa. Jan fentin hana tsatsa ya fara shiga, bayan an ɗauki hoton waldar.

Af, wani abu kuma a tsohon bidiyon da aka ɗauka lokacin da ake ƙera sitan ɗin. Ogan yana riƙe da garkuwar fuska, yaron da ke dafa masa ƙarfen kuwa baƙin tabarau na kwalliya ne a idonsa, silifa a ƙafa. Tabarau ba ya tare hasken walda. Da tsakar dare yaron zai farka ido na zubar da ruwa, yana jin yashi a ciki, a ɗiga masa madara a ce da safe ya dawo aiki. Oga, don Allah ka saya masa garkuwa mai gilashi lamba 10 ko 11, da safar hannu ta fata da rufaffen takalmi. Idan kuma fayif mai farin rufin nan na ruwa za ku walda, ku goge rufin tukuna, ku yi a fili inda iska ke kaɗawa, farin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon kai.