Dakta, Baba Alaramma Bai Yi Kuskure Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwana Hausawan Makka da Jidda da Madina, da masu karanta wannan daga gida.

Kwana uku na yi ina juya wannan magana a raina. Ba zan ambaci suna ba, waɗanda suke wurin sun san da wa nake, shi ma ya san kansa. Sau biyu na same shi a keɓe ban ci nasara ba, abin kuma a bainar jama'a ya faru har ya shiga wayoyi, don haka a bainar jama'a gyaransa zai kasance.

Daren Alhamis muna walimar suna a wani gida a unguwar Rusaifa da ke Makka, an sha gahawa, an ci dabino, sai maigida ya roƙi Baba Alaramma ya ɗan yi mana karatu. Dattijon ya gyara zama ya soma da Fatiha. Da ya zo "Maliki yaumiddin" bai ja mimun ba. Nan take wani matashi, sa'an jikansa, ya katse shi da ƙarfi: "Baba, Maaliki ake cewa!" Baba ya yi murmushi ya ce, "Yaro, haka malamina ya biya mini, shi ma haka aka biya masa." Kowa ya juya ya dubi Dakta, domin yaron almajirinsa ne, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kashe maganar. Sai ya yi dariya ya ce, "Ku ƙyale su, karatun tsangaya ne, a hankali za mu gyara su." Yara suka bushe da dariya. Baba ya rufe bakinsa, bai ƙarasa ba. Kafin asuba bidiyon ya zagaya WhatsApp.

Wallahi Dakta ya san gaskiya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya san "Maliki" ba tare da ja ba ita ce ƙira'ar Imam Nafi'u, limamin makaranta Alƙur'ani na Madina, wanda ya rasu a shekara ta 169 bayan hijira. Ya san almajirinsa Warshu, wanda ya rasu a Masar a 197, shi ya ruwaito karatun da ya bi ta Magrib ya ratsa Sahara ya zauna a allunan kakanninmu. Ya san babbar maɗaba'ar Alƙur'ani ta Sarki Fahad da ke Madina tana buga mus'hafin Warshu kamar yadda take buga na Hafsu, ruwayar da ake jan "Maaliki" a cikinta. Da jahili ne ya yi wannan dariya, da sai mu zaunar da shi mu karantar da shi. Wanda ya sani ya take sanin, me za a karanta masa?

Washegari bayan Juma'a na tare shi na ce, "Malam, don Allah ka yi wa yaran nan bayani ko na minti biyu ne, ka wanke dattijon nan." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi ba ya saukowa ya yi muhawara da wanda bai zauna a aji ba. Na sake komawa ranar Asabar da wani abokin karatunsa. Cewa ya yi idan ya janye, mabiyansa za su raina shi.

Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa Manzon Allah (SAW) ya ce wanda yake da kwatankwacin ƙwayar zarra na girman kai a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Wani ya tambaya, to mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau fa? Ya amsa masa cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau. Girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Dakta, ba mu da magana a kan farar jallabiyarka ko turarenka ko motarka, Allah ya ƙara maka. Abubuwa biyun nan da Annabi ya ambata, su muka gani: ka raina mutum a daren Alhamis, ka ƙi gaskiya ranar Juma'a da Asabar.

Kuma ka tuna Iblis bai musanta samuwar Allah ba, bai ce ba Allah ya halicce shi ba. Abin da ya faɗa a cikin Suratul A'araf shi ne, "Ni na fi shi, Ka halicce ni daga wuta, Ka halicce shi daga yumɓu." Ƙaruna shi ma da aka yi masa nasiha cewa ya yi an ba shi dukiyar ne saboda wani ilimi da ke wurinsa. Ina jin tsoro ƙwarai idan na ji mutum yana yawan faɗin "ni na karanta," "ni na zauna gaban wane," "su waye su." Ina jiye maka tsoro, ina jiye wa kaina.

Ka ma san wanda ka yi wa dariya kuwa? Baba yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka baro ƙasar Haɗeja da niyyar Hajji. Suka bi ta Maiduguri, suka ƙetara Chadi, suka shiga Sudan ta Janaina, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan babbar mota. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi ƙwadago, a tsinci auduga a gonakin Jazira, a tara abin da za a ƙara gaba. A Mai Wurno ya yi haddarsa, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Kogin Nilu bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Da hasken wutar kara ya yi tilawa, ya wanke allo ya sake rubutawa har Alƙur'ani ya zauna a ƙirjinsa. Ƙanwarsa a hanya aka binne ta. Sai da ya zama saurayi sannan ya hau jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Kai kuwa awa biyar ka yi a jirgin sama, aka ba ka ɗaki, aka ba ka alawus, aka ajiye maka littattafai. Ni'ima ce daga Allah, kuma godiyarta ba ita ce ka taka wanda ya sha rana kafin a haife ka ba.

A wannan gari da muke zaune aka yi Aɗa'u ɗan Abi Rabaha, baƙin mutum irinmu, 'yantaccen bawa, wanda ya zama muftin Makka har Halifa Sulaimanu ɗan Abdulmalik ya zo da 'ya'yansa suka zauna gabansa suna tambayarsa hukunce-hukuncen Hajji. Wannan bawan Allah shi ne yake cewa mutum yakan ba shi labarin hadisi, sai ya yi shiru ya saurara kamar bai taɓa ji ba, alhali ya ji shi tun kafin a haifi mai faɗar. Imam Malik a Madina aka yi masa tambayoyi 48, ya ce "ban sani ba" a 32 daga ciki, darajarsa ba ta ragu ba. Duk wanda ya bi ta unguwar Jarwal a nan Makka yana wuce Zu Ɗuwa, inda Annabi (SAW) ya tsaya a kan taguwarsa ranar buɗe Makka, a Ramadan na shekara ta 8, da runduna ta mutum 10,000, ya sunkuyar da kansa saboda ƙanƙan da kai ga Allah har gemunsa ya kusa taɓa sirdi. Kullum muna wuce wurin nan a mota.

Da a ce cutar ta tsaya a kanka kai kaɗai, da na yi maka addu'a na yi shiru. Amma wake ɗaya ke ɓata gari. Yaran da ke zama gabanka sun ɗauki yadda kake ɗaga haɓa kafin su ɗauki nahawu. Sun koyi kiran iyayensu "awam," wato gama-garin mutane marasa ilimi. Wata baiwar Allah ta zo gidana tana kuka, ɗanta ya daina bin mahaifinsa salla a gida, wai karatunsa bai inganta ba. Wani yaro da nake goyo yana ƙarami yanzu sai ya wuce ni a bakin masallaci ba sallama, don na taɓa saɓa maka a wata mas'ala. Dattawa sun fara jin nauyin buɗe baki a taro, kowa na tsoron a ɗauke shi a waya. Mu da muka san ɗacin a kira mutum Takaruni da wulaƙanci a kasuwa, mu da muka san fargabar igama, wato takardar izinin zama, da neman kafili mai tsaya wa baƙo, ashe sai mun ƙara wa kanmu raini a cikin gida?

Ku kuma samari, 'ya'yana da ƙannena, ban hana ku neman ilimi wurin kowa ba. Ku je ku koyi ƙira'o'i, ku koyi Hafsu da Warshu da Ƙaluna, za ku ji kunyar dariyar da kuka yi. Wanda ya tura bidiyon nan ya goge shi, ya kuma gaya wa waɗanda ya tura wa cewa karatun Baba daidai ne.

Baba bai fito majalisi ba tun daren nan. Na je gaishe shi jiya, na same shi da mus'hafinsa na warƙa a cinya, bai ambaci sunan kowa da sharri ba, jikin mahaifiyar yaron da ya katse shi ma ya tambaye ni. Ranar Alhamis bayan Isha'i zan koma wurinsa da yaron, ya riga ya amsa mini zai zo. Dakta, akwai wuri a motata, kuma ka san gidan.