Ƙarshen Severance: Helly ce, kuma Mark na ciki bai ci amanar kowa ba

Tun ranar 21 ga Maris, 2025, da Apple TV+ ya saki kashi na goma kuma na ƙarshe a zango na biyu na Severance, wanda aka raɗa wa suna Cold Harbor, wani hasashe ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a bakin masu bibiyar shirin. Shirin labarin ma'aikatan kamfanin Lumon ne da aka raba wa ƙwaƙwalwa gida biyu: na ciki, wanda ke farkawa a ofis ƙarƙashin ƙasa kawai, da na waje, wanda bai san abin da ake yi a can ba. Hasashen shi ne wai matar da ta tsaya a ƙarshen dogon lungun nan cikin jan haske ta kira sunan Mark, Helena Eagan ce, wato ta waje, ta sake yin sojan gona da sunan Helly, ta cikinta. Britt Lower, wadda ta fito a matsayin matan biyu, ta faɗa da bakinta a hirarrakin da ta yi bayan fitar kashin cewa Helly ce. An ji ta sarai, aka kuma toshe kunne. Har yanzu ana yanko daƙiƙa biyu na fuskarta ana rage gudun hoton, ana zana jan layi a gefen leɓenta, wai ga murmushin mugunta nan da ta yi wa Gemma, matar Mark na waje. Wanda bai kalli kashin ba ya dakata a nan, domin ba abin da zan ɓoye.

Abin ya dame ni ƙwarai, saboda wannan hasashe yana kashe abu mafi nauyi da shirin ya gina cikin kashi 19.

Mu fara da hujja. Gaskiya ne Helena ta taɓa yaudarar kowa. Daga farkon zango na biyu har zuwa kashi na huɗu, ita ce ke zaune a ofishin tace alƙaluma, kamfanin Lumon ya kunna mata tsarin da suke kira Glasgow, mai hana na ciki farkawa ko da an sauka ƙarƙashin ƙasa. Amma dubi yadda Dan Erickson, mai labarin, da Ben Stiller, wanda ya ba da umarni a yawancin kashe-kashen, suka shimfiɗa wannan yaudara. Sun bar sawu a ko'ina. Ta yi ƙarya game da abin da ta gani a waje, ta ƙago wani mai ban ruwan lambu da dare. Ta yi ta laluben makunnin kwamfutar da Helly za ta kunna ido rufe. Ta gasa wa abokin aikinsu Irving magana mai zafi a kan masoyinsa Burt a bakin wuta, abin da Helly ba za ta taɓa yi ba. Irving ya tattara waɗannan duka, ya danna kanta cikin ruwan sanyi har sai da shugabansu Milchick ya ba da umarni a kashe tsarin. Haka ake gina yaudara a labari mai mutunta mai kallo.

To a kashi na ƙarshe ina sawun? Matar da muka gani ita ce ta ƙwace wayar oba-oba ta Milchick, ta rufe shi a banɗaki, abokin aikinta Dylan ya zo ya tokare ƙofar da injin sayar da kayan ƙwalama. Ita ce ta hau kan tebur ta yi wa 'yan badujalar kamfanin jawabi har suka juya wa shugabansu baya. Ana so mu yarda cewa cikin mintuna kaɗan bayan haka, ƙararrawa na kaɗawa, Drummond, babban jami'in Lumon, kwance cikin jini a lifta, wani da ba a nuna mana ba ya danna wani maɓalli da ba a nuna mana ba, sannan Helena ta farka a tsakiyar tarzoma ta fahimci komai nan take? Ƙari a kan haka, Jame Eagan, mahaifin Helena kuma shugaban Lumon, da kansa ya sauko ya gaya wa Helly cewa ba ya ƙaunar 'yarsa, a cikinta ita Helly yake ganin Kier, wanda ya kafa kamfanin. Mai kamfanin ma ya fi son Helly ta ci gaba da zama. Kallon da ta yi wa Gemma kuwa, kallo ne na mace da ta ga matar da ta sha jin labarinta, ta kuma san abin da zaɓin Mark zai jawo wa wannan baiwar Allah. Mugunta sai wanda ya shigo da ita a ransa zai gan ta a wurin.

Me ya sa mutane masu hankali suka manne wa abin da ba shi da tushe? Amsar ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Suna buƙatar ta zama Helena, domin idan Helena ce, to yaudarar Mark aka yi. Idan kuwa yaudararsa aka yi, bai zaɓi komai ba, kuma mai kallo ya huta da tambayar da shirin ya ɗora masa: shin mutumin da aka ƙirƙira don ya yi wa wani aiki yana da ikon cewa a'a? Hasashen mafaka ce ga wanda ya kasa haɗiye cewa Mark na ciki ya tsaya a bakin ƙofa da hankalinsa, ya ji kukan Gemma ta bayan gilashi, ya juya ya koma wurin Helly.

Ɗaya ɓangaren, masu kiransa maci amana da son kai, sun fi gaskiya a zuciya, amma sun fi nisa da fahimta. Amanar wa ya ci? Bari mu tuna yadda aka same shi. Mark Scout, malamin tarihi a kwalejin Ganz, aka ce masa matarsa Gemma ta mutu a haɗarin mota, alhali Lumon ne ke tsare da ita. Ya kasa ɗaukar baƙin cikin, ya faɗa shan giya, ya je ya sa hannu aka dasa masa 'yar na'ura a ƙwaƙwalwa don ya riƙa samun awa takwas na mantuwa a kullum. Waɗannan awanni takwas wani mutum ne ke rayuwarsu. Mutum ne da ya farka a kan tebur bai san sunan uwarsa ba, bai san barci a gado ba, da zarar lifta ta rufe da yamma sai ta buɗe da safe. Idan ya yi kuskure a kai shi ɗakin horo ya yi ta maimaita kalmomin neman gafara har sai na'ura ta yarda cewa da gaske yake. Albashin kuwa yana shiga aljihun na waje. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kimanin shekara biyu ana haka, na wajen bai taɓa damuwa ya san halin da ɗan'uwansa ke ciki ba, sai ranar da buƙata ta taso.

Wurin da ya fi komai ƙarfi a kashin gaba ɗaya shi ne farkonsa, a gidan haihuwar nan na daji, inda Mark na ciki da na waje ke aika wa juna saƙo ta kyamara. Ɗaya ya yi magana a cikin ɗaki, ya fita baranda, ɗayan ya farka ya kalla ya mayar da martani. Adam Scott, wanda ya fito a matsayin Mark, ya yi aikin da ya cancanci yabo a nan, fuska ɗaya, riga ɗaya, amma ba ka taɓa ruɗewa da wanda ke magana. Na waje ya fara da ban haƙuri da murya mai laushi. Ya yi alkawarin za a haɗe su su zama mutum ɗaya, tiyatar da ta riga ta kashe Petey, abokin Mark na ciki, a zango na farko. Na ciki ya yi masa lissafi mai sauƙi: kai ka shekara da yawa a duniya, ni kuwa biyu kacal, idan aka gauraya mu, wa zai rinjaya? Sannan na wajen ya zo ambaton Helly, macen da ɗan'uwansa ke so, ya kasa faɗin sunanta daidai. Wannan tuntuɓen harshe ya tona komai. Yana roƙon mutum ya ba da ransa saboda soyayyarsa, alhali bai ɗauki soyayyar wancan da muhimmancin da zai riƙe suna mai gaɓa biyu ba. Da aka ƙi ba shi haɗin kai nan da nan, laushin ya gushe, ya koma faɗa kamar mai tsawata wa yaro.

Duk da haka, me Mark na ciki ya yi? Ya kammala fayil na 25, na ƙarshe cikin fayilolin alƙaluman da yake tacewa. Ya nemo baƙin lungun nan da Irving ya yi ta zanawa. Ya sha duka a hannun Drummond har ya kusa mutuwa, ba don Lorne mai kiwon awaki ta shigo ba. Bayan na waje ya fito da Gemma daga ɗakin da aka sa ta kwance gadon jariri don a gwada ko za ta tuna ɓarin da ta yi, na ciki ne ya karɓe ta a sama, ya ja hannunta a guje har bakin ƙofar fita, ya tura ta waje. Ya ceci matar da ba tasa ba, da jikinsa da jininsa. Abu ɗaya kawai ya ƙi, shi ne ya bi ta, domin taka wannan ƙofa a wurinsa mutuwa ce, ba shi da tabbacin za a sake tashinsa. Wanda ya ce wannan son kai ne, ya gaya mana mutum nawa ya sani da za su yi ko rabin haka.

Ba na raina wahalar Gemma. Kashi na bakwai, wanda Jessica Lee Gagné ta ba da umarni, ya nuna mana aurensu tun daga haɗuwa a wurin ba da gudummawar jini har zuwa shirun da ya shiga tsakaninsu bayan neman haihuwa ya ci tura, kuma Dichen Lachman, wadda ta fito a matsayin Gemma, ta sa duk mai zuciya ya tausaya. Dole ihunta a bayan ƙofar nan ya yi ciwo, don haka aka tsara shi. Amma jin ciwon wani bai zama hukuncin kisa a kan wani ba. Masu cewa ai aure ya fi soyayyar ofis daraja sun manta cewa Mark na ciki bai auri kowa ba, kuma ofis ɗin nan shi ne duk duniyar da aka ba shi.

A zango na farko, lokacin da Helly ta nemi a sallame ta, Helena ta aiko mata da bidiyo tana gaya mata cewa ita ce mutum, Helly ba mutum ba ce. Kowa ya tsane ta a ranar. Yau ga dubban masu kallo suna maimaita hukuncin nan nata a kan Mark ba tare da kunya ba, suna ganin kansu masu tausayi. Sun shafe zango biyu suna zagin Lumon, da aka zo gwaji sai suka tsaya a layinsa: na ciki kayan aiki ne, idan ya gama amfani a kashe shi a rufe. Wannan abin takaici ne, kuma ba zan sassauta shi ba.

Akwai kuma cutar da ta fi wannan faɗi, wato mayar da kowane shiri na ƙagaggen labarin kimiyya wasa ƙwaƙwalwa. An ce awakin nan ana zuba musu ruhin mutane ne, ashe na yanka ne don tsafin kamfanin. An ce yarinyar nan Miss Huang 'yar Mark da Gemma ce, ashe ɗaliba ce da kamfani ke raino, kamar yadda ya raini Cobel, tsohuwar shugabar su Mark. Shaci-faɗi ya faɗi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dawo ya ce ya yi kuskure, sai a wuce zuwa na gaba. Sau ɗaya aka canka daidai a kan Helena, shi ke nan aka mayar da kowane motsin gira shaida. Mun ga inda wannan hanya ke kaiwa. An kammala shirin Lost a watan Mayun 2010, kuma har gobe akwai masu rantsuwa cewa mutanen tsibirin matattu ne tun farko, alhali an faɗa ƙarara a cikin kashin ƙarshe cewa duk abin da ya faru a tsibirin ya faru da gaske. Westworld kuwa, bayan masu kallo sun gano sirrin zangonsa na farko a 2016 tun kafin a bayyana, ya yi ta ƙara murɗiya har labarin ya shige duhu, aka soke shi a 2022 bayan zango huɗu. A ganina tseren da marubuta ke yi da masu hasashe na cikin abin da ya kashe shi.

Apple ya sanar da zango na uku a ranar da kashin ƙarshe ya fita. Tsorona shi ne surutun nan ya kai kunnen marubutan, su ji sha'awar ba masu hasashe abin da suke nema, ko su wanke Mark ta hanyar cewa ruɗarsa aka yi. Idan suka yi haka sun zubar da duk abin da suka tara. Su bar zaɓin nan yadda yake, su bi sakamakonsa har ƙarshe. Masu sharhi a kafafen labarai su ma su daina ɗaukar kowane zato suna yi masa kanun labari.

Akwai tambayar da ta fi cancantar lokacin masu kallo, ban kuma ga ana yin ta yadda ya kamata ba. Cobel ta bayyana cewa kowane fayil da Mark ya tace sabuwar Gemma ce aka ƙirƙira, har 25. Akwai wadda ba ta san komai ba sai kujerar likitan haƙori. Akwai wadda rayuwarta duka rubuta katunan godiya ne na Kirsimeti har hannunta ya yi ciwo. Akwai ta cikin jirgin sama mai tangal-tangal. Ga kuma Ms. Casey, ta cikin Gemma da Mark na ciki ya sani a ofis, wadda ta taɓa gaya masa cewa duk tsawon rayuwarta awa 107 ne, wadda ta bi shi a guje ba ta san inda za ta ba, ta taka ƙofa saboda ya ce ta taka. A daidai lokacin da Gemma ta farka a matakalar nan, waɗannan matan duka aka kashe musu fitila. Masu kukan an raba mata da miji, ko ɗaya ban ji ya tambayi hakkin Ms. Casey ba. Gemma ce aka yi ta shigarwa ɗakunan nan, kuma idan ta tashi neman a dawo mata da mijinta, dole ta fuskanci cewa hanyar da ke gabanta ita ce a shafe mutumin da ya fitar da ita. Wannan rikicin nake son zango na uku ya buɗe da shi.