Dalili daban, hujja daban: ku daina zagin yarinyar nan

Takardar insha'in muhawara ta wata yarinya 'yar JSS 3, a kan ko makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo, ita ake ta yawo da ita a guruf-guruf na iyaye ana zagin yarinyar don makinta ya zube, alhali laifin ba nata ba ne. Masu cewa yaran yanzu ba sa karatu, ku sake duba takardar. Yarinya ta cika shafi biyu da rubutu mai tsabta. Ta gaishe da shugaban taro, ta gaishe da alƙalai da mai kula da lokaci, duk yadda aka haddatar da ita. Abin da ba a koya mata ba shi ne bambancin dalili da hujja, kuma a nan makinta ya zube.

Insha'in muhawara yana tsaye ne a kan kalmomi kaɗan. Matsaya ita ce jimla ɗaya da ke faɗin ɓangaren da ka ɗauka, wurinta ƙarshen gabatarwa. An ce makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo, to ko ka yarda ko ka ƙi. Yaron da ya rubuta "kowacce da amfaninta" ya riga ya fita daga muhawara tun layin farko. Dalili shi ne amsar "me ya sa?". Hujja ita ce amsar "ta yaya muka sani?". Tambayoyi biyu ne daban, amma yaranmu amsa ɗaya suke ba su.

Ku duba sakin layinta na biyu. Ta ce ɗan makarantar kwana ya fi samun lokacin karatu. Wannan dalili ne, kuma mai kyau. Sai ta bi shi da cewa saboda yana da isasshen lokaci, sannan ta ƙara da cewa lokaci yana da muhimmanci ga ɗalibi. Magana ɗaya ce aka sauya mata riga sau uku. Hujjar da ake nema ita ce: a makarantar kwana akwai firef na yamma da na dare, shi kuwa yaron da ke tasowa daga Samaru zuwa Tudun Wada kullum sai ya jira mota safe da rana, ya dawo gida ga aike ga ɗiban ruwa. Wannan abu ne da mai karatu zai iya gani, ya auna, ya gaskata ko ya ƙaryata. Bayan hujja sai jimla ɗaya ta bayani da za ta ɗaure ta da matsaya. Dalili ɗaya, hujja ɗaya ko biyu, bayani, shi ke nan sakin layi ya cika. Irinsa biyu ko uku sun isa.

Sai ra'ayin abokin hamayya da raddi, waɗanda babu su sam a takardar. Yara suna tsoron ambaton ɗaya ɓangaren don suna ganin kamar sun ci amanar matsayarsu. Dole a faɗa musu cewa maki ne a wurin. Ka kawo mafi ƙarfin abin da za su ce, misali kuɗin makarantar kwana ya fi ƙarfin iyaye da yawa, ka buɗe raddinka da "sai dai kuma", ka amsa shi da hujja. Cewa "masu wannan ra'ayi ba su san abin da suke yi ba" zagi ne, ba raddi ba. Kammalawa kuwa ba a shigo da sabon dalili a cikinta.

Na san za a ce ajin cike yake, malami ɗaya yara tamanin. Wannan ba ya hana abin da nake faɗa. Darasi ɗaya na minti 40 ya isa: rubuta jimloli goma a allo, kowane yaro ya sa M (matsaya) ko D (dalili) ko H (hujja) a gefen kowace jimla, a yi musayar littattafai, a gyara tare. Ba a bukatar kwamfuta, alli ne da allo. Za a ce kuma ai sun yi ƙanana. Yaron da zai iya tsayawa ya kare kulob ɗin ƙwallonsa da yawan kofuna da shekarun da aka ci su ya san hujja sarai, ba a dai nuna masa cewa ita ake nema a takarda ba.

Malamaina, don Allah, haddar ma'anar kalmomin nan ba ta sa yaro ya iya aiki da su. Waɗannan yaran za su zauna BECE, jarrabawar kammala JSS 3, a ƙarshen shekarar karatu, bayan shekara uku kuma WAEC da NECO na jiransu da irin wannan tambaya. Zariya, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin da Jami'ar Ahmadu Bello ke zaune tun 1962, bai kamata 'ya'yansa su kasa kare magana a rubuce ba.

Su kansu batutuwan ma a sauya su. Har yaushe za a riƙa ba yara "likita ya fi malami"? Ina yaro ɗan shekara 14 zai samo hujja a kan wannan? A ba su zubar da shara a magudanan ruwa na Sabon Gari da damina, ko rufe hanya don biki a cikin birni. Waɗannan kullum suna wucewa ta gabansu a hanyar makaranta.