Marubuta da 'yan fim, ku daina tsayawa a Allah ya isa

Duk mai karanta littattafan Hausa na waya ya san layin nan da ake sawa a saman shafin farko: ban yafe wa wanda ya karanta bai biya ba, ban yarda a juya min labari ko a karanta shi a YouTube ba. Marubuciya ta kwana tana taipin da babban yatsa wata da watanni, ta sa kuɗin karatu 'yan ɗaruruwa, kafin sati ya zagayo dokumen ɗin ya gama yawo a gurup gurup na WhatsApp da Telegram, wani ma ya sa murya ya karance shi a tasharsa yana cin kuɗin talla. Abin da za ta yi shi ne ta hau sitatus tai ta Allah ya isa. Hakkinta ne, kuma Allah ba ya barin zalunci, amma bidiyon na nan daram gobe da safe.

Ni dai ina ganin lokaci ya yi da za mu saba da takardar gargaɗi ta lauya. Doka na bayanmu fa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1988, kuma ta shigo da batun intanet, har da tanadin a rubuta wa mai shafin da aka ɗora kayanka a ce ya sauke. Ba sai ka yi rajista ba kafin littafi ya zama naka, da ka rubuta shi ya zama naka, kariyar kuma tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Rajistar da ake yi a hukumar kare haƙƙin mallaka ta Najeriya (NCC) ƙarin hujja ce kawai.

Takardar ba wani abu ne mai wuya ba. Ta faɗi waye mai aikin, wane aiki ne, ina aka ɗora shi da link da ranar da aka gani, me ake so a yi, a sauke ne ko a biya ko a zauna a yi yarjejeniya, sannan wa'adi, kaza ga wata, in ya wuce sai Babbar Kotun Tarayya, don ita ke da hurumin irin wannan shari'ar. Kafin ka aika ka ɗauki sikirinshot na komai, saboda da yawa suna gogewa su ce ba su san zancen ba. Wanda yake dariyar zagin da kike masa a kwament, in ya ga takarda mai hatimin lauya da sunansa a kai jikinsa sanyi yake yi, kuma daga ranar ba shi da bakin cewa bai sani ba. YouTube ma suna da fom nasu na ƙorafi, tashar da ta tara gargaɗi uku tana iya rufuwa baki ɗaya, mai tasha kuwa ba abin da yake tsoro kamar wannan.

Sai dai a tabbatar da gaskiya kafin a aika. Jarumin da ya fito a fim ba shi ne mai fim ba, galibi furodusa ne, mawaƙin da ya sayar da waƙarsa a rubuce ba zai dawo yana barazana ba, kuma don labarinki na kishiya ya yi kama da na wata ba shi ne sata ba, doka rubutunki take karewa, jigon kishi na kowa ne. Takardar ƙarya tana iya juyowa kan mai ita.

Na san za a ce ina marubuciya za ta samu kuɗin lauya. Gaskiya ne, shi ya sa nake ganin aikin ƙungiyoyin marubuta ne da na 'yan Kannywood, su ɗauki lauya ɗaya da kuɗin da mambobi ke haɗawa, a tsara takarda guda da kowa zai cike sunansa da bayanin aikinsa, lauyan ya duba ya sa hannu a aika.